Hoto Sittin, Minti Biyar: Yadda Nake Haɗa Majigin Biki a Jiddah

Sana'ata jera hotuna ce. Uwa za ta kawo mini hotunan 'yarta tun tana zanen goyo har zuwa ranar da aka sa mata lalle, in tsara su ɗaya bayan ɗaya, in ɗora musu sauti, a haska a babban allo daren biki, mata na kallo ana guɗa. Ina yi wa makarantun haddar Alƙur'ani ranar yaye ɗalibai, ina yi wa dangi masu taron zumunci bayan sallah, wani lokaci kuma masu kawo alhazai daga Kano ko Yamai su nemi in shirya musu hotunan bita. Amma biki shi ne ke riƙe da shagon.

Shagon ma ɗaki ɗaya ne a gidanmu, mai ƙofa ta waje. Kwamfuta biyu, sikana ɗaya, na'urar majigi ɗaya da nake bayarwa haya ga masu yin taro a istiraha, wato gidan hutawa da ake haya don taro, inda babu allo, sai ɗiyar yayata da ke taya ni bayan ta taso daga jami'a. Na yi rajista ne bayan 2018, shekarar da aka ba mace a Saudiyya damar buɗe kasuwanci da sunanta ba sai da sa hannun waliyyi ba. Kafin nan a ɗakin kwanana nake yi wa 'yan uwa, ladan kuwa turare ne da "Allah ya yi albarka".

Da PowerPoint nake aiki, kuma yaran yanzu dariya suke yi idan sun ji. Manhaja ce da ta fito tun 1987 domin ma'aikatan ofis masu gabatar da bayani, ba don amare aka yi ta ba. To amma tana da wata kafa da mutane da yawa ba su san da ita ba, wato kundin hotuna. A ƙarƙashin sashen shigar da abubuwa yake, wanda a kwamfutocinmu masu Larabci aka rubuta Idraj. Idan ka buɗe sabon kundi sai ka nuna mata jakar da hotunan suke, ka zaɓe su gaba ɗaya, ka ce kowane hoto ya cika shafinsa, ka danna ta ƙirƙira. Kafin ka kurɓi shayi ta zuba hoto ɗari a shafi ɗari. A cikin wannan tagar ma kana iya ɗaga hoto sama ko ƙasa, ka miƙar da wanda ya kwanta, ka ƙara wa mai duhu haske. Wannan kafar a PowerPoint na Windows take, wanda ke aiki da na intanet ba zai gan ta ba. Wanda ba ya son biyan kuɗin Microsoft kuma akwai LibreOffice Impress, kyauta ce, ita ma tana da nata kundin. Daga nan sai sashen sauya shafi: in zaɓi salon da hoto ke dushewa a hankali wani ya bayyana, in cire alamar jiran a danna, in sa daƙiƙa biyar, in ce a yi wa dukan shafuka haka. Salon da shafi ke wulwulawa ko ya tarwatse kamar gilashi ba na taɓa shi, domin a babban allo jiri yake sa tsofaffi, kuma ido ya koma kallon wasan ya bar fuskar da ke cikin hoton.

Duk wannan da na faɗa, yarinya 'yar sakandare za ta koye shi da yamma ɗaya. Abin da ake biya na dominsa yana gaban wannan, tun kafin a buɗe manhajar.

Na farko shi ne jeri. Nakan zauna da uwar amarya mu sa wa kowane hoto lamba a sunansa, 001, 002, 003, don kwamfuta ta ɗauko su yadda muka tsara. Wa zai fara fitowa? A gidan Bahaushe wannan ba ƙaramar tambaya ba ce, ko da kuwa kakanninsa a Makka aka haife su. Kaka ta wajen uba kafin ta wajen uwa, sai fa idan ta wajen uwan ce ta yi riƙon amarya, to nan sai an yi shawara. Idan gidan mata biyu ne, kuma uwargida ba ita ta haifi amarya ba, dole ta fito da wuri, a hoto mai kyau, ba wanda aka ɗauke ta tana tauna ba. Goggon da ta taso daga Madina musamman domin bikin, in ta zauna minti biyar ba ta ga kanta a allo ba, maganar za ta kai shekara ana yin ta. Akwai kuma waɗanda ake so a cire: mijin da aka rabu da shi, ƙawar da aka ɓata da ita. Wani lokaci ana yanke gefen hoton ya tafi da mutum, wani lokaci hannunsa na kan kafaɗar amarya, sai dai a haƙura da hoton baki ɗaya. Ba na tambayar dalili. Abin da nake tambaya kullum shi ne, "Hajiya, akwai wadda za ta zo da ba mu sa ta ba?" Sau da yawa a nan ne ake dafe ƙirji a tuna da wata.

Mamata kuma nasu daban ne. Ina ware musu shafi biyu ko uku wuri guda, ba na barbaza su cikin hotunan dariya, kuma nakan ƙara musu lokaci zuwa daƙiƙa takwas, saboda mutane kan yi musu addu'a, kuma addu'a ba ta ƙarewa a daƙiƙa biyar. Wasu gidajen ba sa son a haska mamaci sam, sai a rubuta sunansa kawai da "Allah ya jiƙansa".

Na biyu shi ne yawa, kuma nan muke fafatawa da kowa. Lissafin a fili yake: daƙiƙa biyar kowane hoto, hoto 12 ke nan a minti ɗaya, hoto 60 minti biyar. Mata a ɗakin biki ba sa ba allo fiye da haka, daga nan hira ta dawo, masu raba gahawa da dabino su shiga tsakani. Wata dattijuwa ta taɓa zuwa da hoto sama da ɗari uku a waya, na ce mata sai mun rage. Ta ce, "Ke 'yar nan, jikata ce ta fari, wanne zan zubar?" Na ce, "Inna, ba zubarwa za mu yi ba. Sittin za su hau allo kafin shigowar amarya, sauran in haɗa miki su daban ki riƙa kallo a talabijin ɗin gida." Tun daga lokacin haka nake yi wa kowa: gajere na ɗakin taro, dogo na gida. Idan kuma ana son wanda zai yi ta juyawa a ƙaramin allo bakin ƙofa yayin da baƙi ke shigowa, akwai wurin da ake cewa ya yi ta maimaita kansa har sai an tsayar.

Ingancin hoton kansa wata wahala ce. Hoton da ya bi ta WhatsApp an matse shi, in ya bi ta hannu uku kuwa ya zama dusa. A waya ba a gani, amma a allon da ya kai tsawon bango fuskar amarya sai ta farfashe. Shi ya sa nake cewa a turo mini shi a matsayin fayil, ko a zo da wayar mu jona ta da kwamfuta. Masu iPhone kuma tun 2017 hotunansu ke zuwa da wani tsari mai suna HEIC, wanda ba kowace kwamfuta ke buɗewa ba, sai mun mayar da su JPG tukuna. Sai batun faɗi. Tun PowerPoint na 2013 shafin ya koma mai faɗi, 16 bisa 9, daidai da allunan yanzu, alhali yawancin hotunan waya a tsaye ake ɗaukarsu. Mai gaggawa sai ya ja hoton ta gefe don ya cike shafin, siririyar amarya ta koma gajeriya mai faɗi. Daga kusurwa ake ja, ko yaushe. Hoton tsaye ko dai in haɗa biyu a shafi ɗaya, ko in bar gefensa baƙi. Baƙin bango ya fi fari a ɗakin da aka rage fitilu, ba ya kashe ido.

Aikin da na fi so shi ne na tsofaffin hotunan takarda, kuma ya ƙaru sosai a 'yan shekarun nan. Daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022 aka rushe tsofaffin unguwanni da dama a kudancin Jiddah da tsakiyarta, irin su Sabil da Karantina da Ghulail da Petromin da Hindawiyya, inda mutanenmu suka daɗe da zama. Maƙwabtan shekara arba'in suka watsu, wasu arewacin gari, wasu Bahra da ke tsakanin Jiddah da Makka, wasu Makka. Wajen kwashe kaya ne aka yi ta cin karo da ambulan da gwangwanayen alewa cike da hotuna. Yanzu idan dangi za su haɗu a istiraha bayan ƙaramar sallah, sai a kawo mini su in haɗa. Hoton da ya kai santimita 10 da 15 ina ɗaukarsa a sikana da ƙarfin 300, wato ɗigo 300 a kowane inci, ya fito kusan ɗigo 1200 da 1800, ya ishi allo. Ƙananan hotunan fasfo na kakanni sai an kai 600. Ba na gyara musu launi fiye da kima, jan da ya rine su na shekaru ne, masu su ma haka suke son ganinsu. Irin wannan majigin ba na sa masa lokaci. Mutum ɗaya ke riƙe da madanni, domin hoto ɗaya na iya cin minti goma: wannan ƙofar gidan wane ce, a'a ta wance ce mai waina, ga lungun da ake sayar da tsire, yaron nan mai tsaye ai shi ne limamin masallacin kaza yanzu. Yaran da aka haifa a gidajen bene suna zaune suna ji.

Rubutu a kan hoto kaɗan nake sawa, suna da shekara. Shekarar ma sai an tambaya, Hijira ko Miladiyya, don tsofaffinmu da ta Hijira suke lissafi, baƙin da suka zo daga Najeriya kuma ba za su gane 1405 ba sai an ce musu wajen 1985 ne. Sau da yawa duka biyun nake sawa. Yawancin yaranmu Larabci suke karantawa, Hausa a baki take, don haka taken kan zo da Larabci, a ƙasa in sa boko saboda dangin gida. Haruffan nan masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba kowane salon rubutu ke da su ba, in ba a lura ba sai a ga akwati fanko a tsakiyar sunan mutum.

Wannan na cikin dalilan da ba na kai fayil ɗin PowerPoint ɗakin biki. Kwamfutar can ba tawa ba ce, wataƙila babu salon rubutuna a cikinta, wataƙila sautin ya ƙi tashi. Ina fitar da shi bidiyo ne, MP4 mai ƙarfin 1080, wanda yawancin alluna ke karɓa ta filashi. Sautin kuwa mai biki ke zaɓa: wasu kiɗa, wasu waƙar bege, wasu murya zalla babu kayan kiɗa, kuma wannan tun ranar farko nake tambaya, don na ga inda surukai suka tashi daga kujera saboda ganga. Ranar bikin ɗiyar yayata kan je tun bayan la'asar da filashi biyu da wayar HDMI da ƙaramin mahaɗin VGA saboda tsofaffin na'urori, ta kunna daga farko har ƙarshe ɗakin na wayam. In ta kira ta ce, "Khala, ya tashi," sai in saki jiki.

Abin da ya sa mata ke zuwa wurina ba su je shagon maza ba, ko su ba wa wata manhajar waya da ke ɗora komai a intanet, shi ne hotunan da ke hannuna. Akwai amarya ba lulluɓi, akwai matan aure cikin kwalliyar da mazajensu kaɗai da 'yan uwa mata ke gani. A bukukuwa da yawa a nan, a bakin ƙofar ɓangaren mata ake karɓe wayoyi masu kyamara. Dokar laifukan intanet ta 2007 ma ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyu, ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamarar waya. Kwamfutar da nake aikin mata da ita ba ta hawa intanet. Namiji ba ya taɓa ta, in ta lalace ina tsaye ake gyarawa. Na ɓangaren maza daban nake haɗa shi, ango da iyaye maza da abokai, a filashi mai wani launi don kada a yi musaya. Bayan biki da mako guda uwar amarya ta zo, in miƙa mata nata, in goge nawa tana kallo. Ba ni da hoton aikina ko ɗaya a Snapchat ko Instagram, tallata a bakin mata take.

Kasuwar tana da lokacinta. Azumi shiru ne, sai 'yan aikin makarantun hadda a ƙarshensa. Shawwal da dogon hutun makaranta kuwa har aiki nake mayarwa. Kuɗin ya danganta da yawan hoto da ko akwai na takarda, domin sikana ita ke cin lokaci, kuma rabi nake karɓa kafin in fara. Tun da harajin kaya ya koma kashi 15 cikin ɗari a Yulin 2020 komai na shago ya tashi, na ɗan ƙara, ba wanda ya yi ƙorafi sosai. Masu aiki da manhajojin CapCut da Canva sun kwashe ƙananan ayyuka irin na murnar haihuwa da kammala karatu, ban kuma yi jayayya da su ba, sun fi ni sauri a nan. Wanda ke son aikin Shawwal dai ya kawo hotunansa tun cikin Sha'aban, domin idan azumi ya raba tsakiya na rufe karɓa.