Yinin bin diddigin masu gyaran rufi

Tabon da ke silin ɗakin yara ya ƙara faɗi bayan ruwan daren jiya. Don haka yau na ajiye komai, na zauna kan maganar 'yan kwangila biyun da suka kawo lissafin gyaran rufi da bangon waje.

Na farkon akwai zaƙin baki. Shafinsa na intanet cike yake da hotuna da taurari biyar-biyar, amma da na nutsu na karanta, sai na ga kusan duk yabon a mako ɗaya aka rubuta shi, kalaman ma kamar daga baki ɗaya suka fito. Na ce ya turo takardar rajista da ta inshora. Sunan da ke kan rajistar daban, wanda ke kan takardar lissafinsa daban. Wai na ƙanensa ne. Inshorar kuwa tun bara wa'adinta ya ƙare. Don kada in ɗauki alhakinsa, na nemo lambar kamfanin inshorar da kaina, ba wadda ke jikin takardar ba, suka ce ba a sabunta ba. Ke nan in lebura ya faɗo daga tsani a gidana, maganar tana iya dawowa kaina. Kuma shi ne fa mai neman rabin kuɗi tun bai kawo ko ƙusa ba.

Na biyun ba shi da yawan magana, takardunsa kuma sun dace da juna. Na ce masa ba na son ganin aikin watan jiya, ai sabon fenti ko a kan ruɓaɓɓen bango kyau yake yi. Sai ya haɗa ni da wani dattijo da ya yi wa aiki shekara 4 da suka wuce.

Da la'asar na je. "Shigo 'yata, ki gani da idonki," in ji shi. Ya nuna mini mahaɗar rufi da bango, inda aka lanƙwasa falle aka cusa bakinsa cikin bangon. Wurin da namu yake yoyo ke nan. Kowace ƙusa da robarta a ƙarƙashin kai, fentin ƙasan taga bai kumbura ba.

Na ce, "Baba, ba abin da ya taɓa lalacewa?"

Ya yi dariya. "Indararo ya yi yoyo a shekarar farko. Na kira shi, kwana biyu sai ga shi da tsaninsa, bai karɓi komai ba."

Wannan amsar ta fi kwantar mini da hankali a kan a ce ba a taɓa samun matsala ba.

Da dare na kira ɗan kwangila na biyun. Na ce komai a rubuce nake so: irin kwanon da kaurinsa, su wa za su hau rufin, shi da yaransa ko wasu zai miƙa wa, biyan kuɗi kashi-kashi bayan kowane mataki, da tsawon garanti. Ya ce gobe da safe zai kawo takardar. Yanzu dai bari in je in zubar da ruwan bokitin ɗakin yara, ga hadari ya sake haɗuwa.