Abin da shekara uku a shagon intanet suka koya mini

A ƙarshen watan jiya na ajiye aikin amsa saƙonnin kwastomomi a wani shago da ke sayar da atamfa da leshi ta Instagram da WhatsApp a Kano. Tun ranar da na fara, maigidan ya ɗora ni a kan magana ɗaya, wato kayan da ya fita ba ya dawowa, ni kuma na riƙe ta kamar karatun allo, ban taɓa tambayar ko gaskiya ce ba.

Wata Hajiya daga Gusau ta sayi leshi huɗu domin lefen ɗanta, ta biya kuɗin cif, muka ba direba a tasha. Da kayan suka isa, biyu daga ciki launinsu ya sha bamban da na hoton, ɗaya kuma zaren adonsa ya warware a gefe. A ranar ta turo hotuna, na amsa mata da maganar maigida. Sai ta aiko saƙon murya, muryarta na rawa: "Ɗana, hoto kuka nuna mini, ban taɓa kayan nan da hannuna ba kafin in biya. Yanzu da wane ido zan dubi dangin amarya?" Maigida ya ce in toshe lambarta, na toshe.

Bayan mako uku ɗanta ya kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, sannan ne na zauna na karanta dokar 2018 da ta kafa hukumar, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Dokar ta ba mai saye damar mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa cikakke idan bai samu halin duba su ba kafin a kawo, kuma suka saɓa wa yadda aka siffanta su. Idan aibi ne a jikin kayan, yana da wata uku ya mayar, kuɗin mayarwar a wuyan mai shago, a gyara, ko a canza, ko a biya shi. Wanda ya fasa odar da ya bayar tun kafin a kawo ma yana da haƙƙinsa, sai dai a cire masa wani abu daidai gwargwado. Abin da ya fi damuna shi ne na san hukuncin mayar da kaya saboda aibi tun a Islamiyya, na kuma san hadisin da ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, amma albashi ya rufe mini ido.

Cikin kwana biyu maigida ya mayar da kuɗin. Sannan ya tara ma'aikata ya ce ni ne ban iya magana da manya ba, ya zare kuɗin dawo da kayan daga albashina, alhali umarninsa na bi kalma da kalma.

Shawarata ita ce wanda zai gaje ni ya nemi umarni irin wannan a rubuce, ya ɗauki hoton kaya da hasken rana kafin a naɗe su. Mai saye kuma ya adana rasit da hirar ciniki.

Kafin in miƙa wayar shago na buɗe lambar Hajiya na roƙi gafararta. Ta ce, "Ba komai ɗana, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Kuɗin da aka zare mini kuwa har na fita ba wanda ya tayar da zancensu.