Yadda ake ɗinka shirin rediyon da ke juya siyasa

A Legas, cunkoson motoci shi ne jarin gidajen rediyo. Mutumin da ya taso daga Agege ko Mile 12 zai nufi Obalende yana iya shafe awa biyu a zaune, kunnensa a hannun duk tashar da direba ya kamo. Shi ya sa shirye-shiryen kiran waya na safe da na yamma a tashoshi irin su Nigeria Info da Lagos Talks suka fi kowane lokaci tsada wajen talla. Salon da ake tafiyar da irin waɗannan shirye-shirye kuwa a Amurka aka gyara shi har ya zama sana'a, kuma masu ra'ayin riƙau ne suka fi kowa cin moriyarsa.

Daga 1949 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, tana da ƙa'idar da ta wajabta wa kowace tasha, in ta taɓo batun da ake taƙaddama a kai, ta ba ɗaya ɓangaren dama. A 1987 majalisa ta nemi mayar da ita doka, Shugaba Reagan ya hau kujerar na-ƙi, sannan hukumar ta soke ta. Shekara ɗaya bayan nan, a watan Agustan 1988, Rush Limbaugh, mai gabatar da shiri mai ra'ayin riƙau, ya fara shirinsa daga New York, shirin awa uku da daga baya tashoshi kusan 600 suka riƙa ɗauka.

Abin da ya yaɗa shirin ba daɗin baki kaɗai ba ne, tsarin cinikin ne. Ana ba ƙaramar tasha shirin kyauta, ita kuma ta sallama wasu mintocin talla a kowace awa ga kamfanin da ya shirya shi. Mai tasha ya cike awa uku bai biya albashin kowa ba, wa zai ƙi? Da dokar sadarwa ta 1996 ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin ƙasar, kamfanin Clear Channel ya tara wajen 1,200, murya ɗaya ta riƙa fita a garuruwa ɗaruruwa lokaci guda. A shekarar ce kuma aka buɗe tashar talabijin ta Fox News.

Yanzu mu leƙa cikin sutudiyo, domin a nan aikin yake. Ana yanka awa gida uku ko huɗu, tsakaninsu talla da kanun labarai. Shekara da shekaru masu auna yawan masu sauraro a Amurka sun riƙa ƙirga mutum ne in ya yi minti biyar cikin kowane kwata na awa, saboda haka duk dabarar mai gabatarwa ita ce kada ka juya tasha lokacin talla. Sai ya bar maka magana a rataye: "in mun dawo za ku ji abin da ba sa so ku sani". Bayanin kasafin kuɗi ba ya riƙe mutum haka. Fushi da tsoro su ke riƙewa.

Sai mai tace kira. Mai sauraro yana ɗauka duk wanda layinsa ya shiga shi ake sakawa, alhali akwai wanda ke ɗaga wayar tukuna, ya ji abin da za ka ce, ya rubuta wa mai gabatarwa a allon kwamfuta cikin layi ɗaya. Mutum biyu ake so: wanda zai yarda da mai shiri da zafi, da ɗan adawar da bai iya jera magana ba, wanda za a kayar cikin minti ɗaya. Mai ja da hujja a natse yakan tsufa a kan layi. Akwai kuma jinkirin daƙiƙa bakwai ko makamancin haka tsakanin abin da aka faɗa da abin da ke fita, da maɓallin da ke zubar da zagi kafin ya kai kunnen jama'a. Ƙananan tashoshi da yawa ba su da wannan na'ura, kuma daga nan tara ke samo su.

Shin yana juya ƙuri'a? Yana juyawa, amma ba yadda ake zuzutawa ba. Binciken masana tattalin arziki DellaVigna da Kaplan ya gano cewa shigar Fox News gari ta ƙara wa jam'iyyar Republican abin da bai kai kashi 1 cikin 100 ba a zaɓen 2000. A ganina ƙarfin gaske yana wani wuri: shirin ne ke zaɓar abin da za a yi gardama a kai yau, kuma shi ke tsorata 'yan jam'iyyarsa. Ɗan majalisar da ya yi sassauci ya san gobe za a ambaci sunansa, wayar ofishinsa ta ƙi hutawa, a tsayar masa da ɗan takara a zaɓen fid da gwani. Haka aka taimaka wajen kashe ƙudirin gyaran dokar shige da fice a 2007. Sababbin 'yan majalisar Republican na 1994 ma ba su ɓoye ba, sun naɗa Limbaugh ɗan ajinsu na girmamawa.

Inda abin ke ɓaci shi ne ranar da masu sauraro suka fi ƙarfin mai shiri. Wanda ka saba ba shi yaji kullum, in ka kawo masa lami sai ya koma gidan maƙwabci. Bayan zaɓen 2020 Fox ta ci gaba da ba masu cewa an yi maguɗi da na'urorin zaɓe fili, saƙonnin cikin gida da suka fito a kotu kuma suka nuna tsoron rasa masu kallo ne. A Afrilun 2023 ta amince ta biya kamfanin Dominion, mai ƙera na'urorin zaɓe, dala miliyan 787.5.

A Najeriya kuɗin ta wata hanya yake bi. Dokar 1992 da ta kafa NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, ita ta buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu, Raypower ta fara a nan Legas a 1994. Dokar ta hana ba jam'iyya ko ƙungiyar addini lasisi, amma ba ta hana ɗan siyasa mallakar tasha ta hannun kamfani ba. Marigayi Raymond Dokpesi mai Raypower da AIT ya nemi shugabancin PDP a 2017. TVC kuwa, wadda jama'a suka daɗe suna dangantawa da Bola Tinubu, an banka mata wuta a Oktoban 2020 lokacin rikicin EndSARS. Mu 'yan Arewa mun fi sanin ɗaya salon, na sojojin baka a Kano: ubangida ya sayi fili na minti 15 ko 30, tasha ta sanar cewa ra'ayin ba nata ba ne, yaransa su shiga su yabe shi su yi wa abokin hamayya wankin babban bargo. A Amurka mai talla ne ke biya don a tara masa kunnuwa. A nan sau da yawa ɗan siyasar da kansa ne kwastoma.

Ga Bahaushen Legas akwai ƙarin matsala. Idan aka zo batun hana acaɓa, kamar na 2022, ko rikicin kasuwa irin na Mile 12 a 2016, yawanci shi ne abin magana, ba shi ne mai magana ba. Shirin da Turanci ne ko Yarabanci ko Turancin buroka, shi kuma kunnensa yana kan tashoshin Kano da yake kamawa a waya. Abin da ke iso masa daga rediyon Legas guntun sauti ne na daƙiƙa 40 a WhatsApp, an yanke tambayar da ta jawo maganar, an yanke martanin mai gabatarwa, ba rana ba sunan tasha. Haka ma nasa guntayen ke isa ga maƙwabtansa Yarabawa da Ibo.

Hukuma kuma hannunta bai kai nan ba. NBC ta ci Nigeria Info tarar naira miliyan 5 a 2020 kan hirar Obadiah Mailafia, tsohon mataimakin gwamnan Babban Bankin Najeriya, ta ci gidan talabijin na Channels haka a 2023 kan hirar Datti Baba-Ahmed, ɗan takarar mataimakin shugaban ƙasa na jam'iyyar Labour a zaɓen shekarar, sai Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke a Mayun 2023 cewa hukumar ba kotu ba ce, ba ta da ikon cin tara. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana watsa kamfen a awa 24 na ƙarshe kafin zaɓe, tashoshi kuma sukan bi don tsoron lasisinsu. A daidai wannan daren ne guntayen da aka yanko daga shirye-shiryen makonnin baya suke fi yawo a wayoyi.