Kowa ya tambayi abin da na ci, ba wanda ya kalli bakin yaron

Da a gida nake, da tun cikina yana wata 7 an mayar da ni gaban Innata a Katsina, in haihu a can, in yi wanka a can, sai na yi arba'in a dawo da ni ɗakina. Haka aka yi wa yayyena duka. Ni kuwa aure ya kawo ni Legas, kuma a wajen awo an ce jinina yana ɗan hawa, kada in kuskura in hau motar da za ta wuni ta kwana a hanya. Don haka a Agege na haifi ɗana na fari, cikin watan Maris, lokacin da zafin garin nan yake haɗuwa da gumi har mutum ya rasa inda zai sa kansa. Ɗaki da falo muke haya. Maigidana albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 12, yana fita da asuba saboda gosulo, ba ya dawowa sai bayan magariba. Innata ba ta da lafiyar doguwar tafiya, sai surukata Hajiya ta taso daga Funtuwa, ta iso kwana 2 bayan haihuwa da gero da kanwa da tsamiya da yajin jego.

A asibiti ban ga wata matsala ba. Ko awa ɗaya ba a yi ba ungozoma ta ɗora min shi a ƙirji, ya lalubi nono ya kama. Abin da ke fita ɗan kaɗan ne, mai kauri, ruwan ɗorawa. Da Hajiya ta iso, tambayarta ta farko bayan barka ita ce ko an tatse dakashin an zubar. Na sunkuyar da kai na ce ai ya riga ya sha. Ta yi shiru, ta ce Allah ya kiyaye. Tun a wajen awo an gaya mana dakashi shi ne rigakafin farko da yaro yake samu, yana kare shi daga cututtuka, yana taimaka masa ya fitar da baƙin kashin nan na farko, kuma cikin jariri a ranar da aka haife shi bai fi ya ɗauki ƙaramin cokali ɗaya ko ɗaya da rabi a lokaci guda ba. Wannan na riƙe shi, kuma har yau ina gode wa Allah da ban zubar ba.

Wahalar a rana ta 4 ta fara. Na tashi na ji ƙirjina ya yi nauyi, nonon ya kawo, ya cika ya sanƙare kamar an cusa duwatsu. Yaron ya kasa kamawa sosai, sai ya tsuke baki ya riƙe kan nonon kaɗai yana ja. Kafin kwana 2 kan nonon duka biyun ya tsage. Ban san yadda zan kwatanta wannan zafin ba ga wadda ba ta taɓa ji ba. Da zarar ya motsa zai farka gabana yake faɗuwa. Idan na sa shi, bakin zanina nake cizawa, yatsun ƙafata su lanƙwashe, hawaye na zuba ba tare da na yi kuka ba. Wata rana ya yi tumbuɗi na ga ɗan jini a ciki, na firgita, daga baya na gane jinina ne ya haɗiya.

Duk wannan a ɓoye nake yin sa, kuma nan ne kuskurena yake. Ɗan fari ne, kuma a gaban uwar miji. An raine ni a kan cewa mace ba ta rawar ƙafa a kan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban manya sai an matsa mata. Idan ya yi kuka sai in yi kamar ban ji ba, har Hajiya ta ce, "Ke 'yar nan, ɗauke shi mana ki ba shi." Sannan in karɓe shi in shige ɗaki, in juya wa ƙofa baya, in lulluɓe mu da mayafi. Kafin nan ya riga ya yi kuka ya gaji, ya fusata, yana cafkar nono da ƙarfi. Kwana 10 cur babu mahaluƙin da ya ga yadda nake shayarwa. Ni kaina ba na gani, domin a ƙarƙashin mayafi abin yake faruwa.

Shawara kuwa ba a rasa ba. Ranar suna matan unguwa sun cika gidan, 'yan Kano da Zariya da Sakkwato, wasu ma a nan Agege aka haife su. Kowacce ta ga idona ya faɗa sai ta tambayi abin da nake ci. Wata ta ce kunun gyaɗa, wata ta ce zogale, wata ta ce farfesun ƙafar sa. Maƙwabciyata Bayarabiya kullum da safe sai ta aiko da koko mai zafi, Allah ya saka mata da alheri. Da na raɗa wa wata ƙawata cewa kan nonona ya tsage, sai ta ce kowa da haka ta fara, in yi haƙuri zai saba. Hajiya kuma idan an gama wankan safe takan tsoma tawul a ruwan zafi ta danna min ƙirji da ƙarfi don nonon ya saki. Da kyakkyawar niyya take yi, amma bayan kowane gashi kumburin ƙaruwa yake.

Kunun kanwa ne kawai na tsallake, shi ma don likita ya ja wa maigidana kunne saboda hawan jinina. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafin da ake gasa jiki da shi. Hajiya ba ta ji daɗi ba, amma da ɗanta ya yi mata bayani ta koma dama min na tsamiya.

Dare shi ne mafi tsanani. Yaron yakan yi kusan awa a nono, ya saki, bayan minti 20 ya sake tsala kuka. Ga zafi, ga ba wuta, ga ƙarar janareton maƙwabta. A dare na 8 na ji Hajiya a falo tana ce wa maigidana, "Yarinyar nan nononta ba ya isar yaron nan. Kuma ga zafin garinku, ko ruwa ba a ba shi." Washegari ya dawo da gwangwanin madarar jarirai da fida, ya ajiye a kan sif bai ce komai ba. Na daɗe ina kallon gwangwanin. Ba na ganin laifin macen da lalura ta sa ta ba ɗanta madara, akwai waɗanda ita ce ta ceci 'ya'yansu. Amma a daren nan ji na yi kamar an yanke hukunci cewa na kasa, alhali nono na nan cike har yana jiƙa min riga.

A rana ta 10 zazzaɓi ya rufe ni, jikina yana rawa, gefen nonon dama ya yi ja ya yi zafi. Maigidana bai je kasuwa ba, ya tsayar da keke Marwa, wato a-daidaita-sahu, muka tafi ƙaramin asibitin gwamnati na kusa da mu. Nas ɗin da muka samu dattijuwa ce, Bayarabiya, amma ta yi aiki a Kaduna, Hausarta ras. Ta ɗora yaron a sikeli. An haife shi da kilo 3.2, ranar yana 2.9. Ta ce jarirai kan rage nauyi a kwanakin farko, amma ana so kafin sati 2 su dawo yadda aka haife su, shi kuwa bai kama hanyar dawowa ba. Sai ta ja labule ta ce, "Maman bebi, ba shi in gani."

Na tsaya ina jan mayafi. Ta sa hannu a hankali ta janye shi ta ce, "Ni ma uwa ce. Idan ban gani ba, ba zan iya taimakonki ba."

Ko minti ɗaya ba ta yi tana kallo ba ta ce in cire shi, ta nuna min yadda zan zura ƙaramin yatsana mai tsabta a gefen bakinsa ya saki ba tare da ya ja ba. Kan nonon ya fito a lanƙwashe kamar an matse shi. Ta ce ga ciwon nan. Yaro ba kan nono yake sha ba, nono yake sha. Idan kan kaɗai ya riƙe, dasashinsa yana murza shi, uwa na shan azaba, shi kuma abin da yake samu kaɗan ne, shi ya sa yake daɗewa bai ƙoshi ba. Nonon da bai fita ba kuma ya taru ya kumbura, har ya kai ga abin da ya kawo ni.

Ta gyara min zama, ta sa min filo a baya. Ashe kwantar da shi nake yi rigingine a cinyata, wuyansa a karkace, ni kuma in sunkuyo in kai masa nono. Ta juyo shi gaba ɗaya, cikinsa ya manne da nawa, kunnensa da kafaɗarsa da ƙugunsa a layi ɗaya. Ta ce in tallafi wuyansa da kafaɗunsa, kada in danna ƙeyarsa. In goga kan nonon a saitin hancinsa, in jira. Na jira. Sai ya wangale baki kamar mai hamma, ta ce, "Yanzu!" ta turo shi jikina. Haɓarsa ta nutse a nonon, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, baƙin da ke kewaye da kan nonon mafi yawansa ya shige bakinsa, ɗan abin da ya rage a sama yake. Na riƙe numfashi ina jiran zafin da na saba. Ya ɗan yi min tsam na daƙiƙoƙi, daga nan shi ke nan. Sai na ji wani sauti da ban taɓa ji ba tunda na haife shi, sautin haɗiya, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. A nan na fashe da kukan da na yi kwanaki ina dannewa.

Sau 3 ta sa na cire shi na mayar da kaina, don ta tabbata hannuna ya iya. Likita ya rubuta min magani, ya ce ba zai cutar da yaron ba, kuma kada in daina ba shi ɓangaren da ke ciwo. Nas ta ce a bar dannawa da ƙarfi, in riƙa ɗora tsumma mai sanyi bayan ya sha. Idan nonon ya yi tauri ya kasa kamawa, in tatsi kaɗan da hannu ya yi laushi. Tsagewar kuma in shafa mata ɗigon nonona in bar ta ta sha iska. Ta ce kada in jira kuka: da na ga yana juya kai yana tsotsar hannu, lokaci ya yi, sau 8 zuwa 12 a kwana da wuni. Kan maganar ruwa ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, ko a zafin Maris ya ishe shi har wata 6, kuma ruwan da za a ɗura masa cika masa ciki zai yi ya rage shan nono, ban da gudawar da zai iya jawowa.

Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne da ta ba ni abin da zan ƙirga. Nono ba kwalba ba ne balle a ga abin da ya ragu, amma abin da ya shiga dole ya fita. Idan yana jiƙa famfas 6 ko fiye a kwana da wuni, kashinsa ya zama ruwan ɗorawa, to yana samu. Idan fitsarin ya ragu, ko ya cika barci ba ya tashi shan nono, ko idonsa ya yi launin shawara, in dawo da shi ba tare da jiran ranar da aka ba ni ba.

Saura yadda zan gaya wa Hajiya, domin ba zan iya buɗe baki in ce mata gashin da take min yana ƙara ciwon ba. Maigidana ne ya yi dabara. Ranar komawa awon nauyi ya ce kasuwa ba za ta bar shi ba, ya roƙe ta ta raka ni. Ta ga sikeli da idonta, ta ji bayanin nas da kunnenta, ta yi tambayoyinta, har ta tambayi zancen ruwan zamzam. Da muka dawo gida yaron ya motsa, na tashi zan shige ɗaki, sai ta ce, "Zauna nan ki ba shi. Kunyar ta isa haka." Na zauna a gabanta na ba shi, fuskata kamar ta tsage don nauyi. Ta matso ta daɗe tana kallon bakinsa. Can ta ce, ita ma da ta haifi maigidana wata 2 ta yi tana shayarwa da jini, kuma duk tsofaffin gidansu ba wadda ta ce mata komai sai "yi haƙuri".

Daga ranar ita ta karɓi ƙirgen. Ta samo kofi, duk famfas ɗin da aka cire a jiƙe sai ta jefa ƙwayar wake ɗaya, da asuba ta zazzage ta lissafa ta gaya wa ɗanta kafin ya fita. Tsagewar ta warke cikin mako guda. Ba wai komai ya zama daidai nan take ba. A sati na 3 ya shiga wani hali na neman nono kusan kowane rabin awa daga magariba zuwa bayan isha, tsoro ya dawo min cewa nonon ya ƙafe. Amma wake na nan 7, wata rana 8. Na riga na fahimci cewa jiki gwargwadon abin da aka cire yake ƙerawa, yawan shan nan nasa shi ne yake ƙara kawo nonon. Na ci gaba da ba shi, Hajiya tana miƙo min ruwa da kunu, bayan kwana 3 ya lafa.

Mun yi arba'in ranar wata Laraba. Kwana 2 bayan haka muka kai shi rigakafin sati 6, sikeli ya nuna kilo 4.4. Da Hajiya za ta koma Funtuwa, tana haɗa kaya ta ɗauko gwangwanin madarar daga kan sif, ko buɗe shi ba a yi ba, ta ce a kai wa wata baiwar Allah a layinmu da ke riƙon jaririn ƙanwarta da ta rasu wajen haihuwa. Kofin waken kuma ta sa shi a jakarta, ta ce autarta na da ciki wata 6.