Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Hatimin Ahab

A makon jiya na tsaya a inda aka mayar da ni sashen filaye na ƙaramar hukumarmu, ni ne mai tafireta, ni ne kuma mai ajiye fayil. Shugaban sashen dattijo ne a cocinmu, shi yakan karanta nassi ranar Lahadi, don haka na ɗauka na faɗa hannu nagari.

Wata Litinin ya miƙo mini takarda rubutun hannunsa, ya ce in buga, in sa kwanan watan bara. Takardar na cewa wani manomi da ya rasu ya sayar masa da fadamarsa kafin cikawarsa. Na san fadamar, na san matar marigayin. Tare suke Zumuntar Mata da innata, da raken wurin da tumatir take ciyar da marayunta.

Na ce, “Yallaɓai, a yi mini haƙuri zuwa gobe.”

Da yamma na sami Baba Fasto yana gyaran kekensa. Na zayyana masa komai, na ce ni dai ajiye aikin zan yi. Sai ya ce in buɗe 1 Sarakuna sura 21, in karanta da ƙarfi.

Labarin Ahab ɗan Omri ne, wanda ya yi shekara 22 yana sarautar Isra'ila a Samariya. Mutum ne da ya gina gida na hauren giwa, amma idonsa ya tsaya a kan gonar inabin Nabot a Yezreyel, wai zai yi lambun ganye. Ya taya da kuɗi, ya taya da musaya, Nabot ya ƙi, domin gādon kakanni ne, kuma Littafin Firistoci sura 25 ya hana a sayar da ƙasa ɗungum. Sarki guda ya koma gida ya kwanta, ya juya fuska, ya ƙi cin abinci, kamar yaron da aka hana alewa. Har yau idan na zo wurin nan sai na yi dariya, ko da yake abin da ya biyo baya ba na dariya ba ne.

Baba ya ce, “Ɗana, wa ya kashe Nabot?”

Na ce Yezebel, matar Ahab.

“Sake karantawa.”

Yezebel, 'yar Etba'al sarkin Sidoniyawa, wasiƙu ta rubuta da sunan Ahab, ta buga hatiminsa. Dattawan gari, maƙwabtan Nabot, su suka yi shelar azumi, suka kawo 'yan iska biyu suka yi shaidar zur, aka jejjefe shi. Ahab bai ɗaga dutse ba, amma shi ne annabi Iliya ya tarar a cikin gonar, shi aka yanke wa hukunci. Tawayensa bai hana shi kiran sunan Ubangiji ba, hatiminsa kawai ya saki.

Baba ya ce, “Mugun sarki ba ya aiki sai da magatakarda. Amma ajiye aiki ba shi ne maganin ba. Koma sura 18.” A nan na ga Obadiya, wakilin fādar wannan Ahab ɗin, wanda ya ɓoye annabawa 100, hamsin hamsin a kogo, yana kai musu abinci da ruwa. Bai bar fādar ba, bai kuma sa hannu a aikinta na mugunta ba. Baba ya ƙara da Mikaiya, wanda ya saɓa wa annabawa wajen 400 aka jefa shi kurkuku, ya ce in shirya.

Washegari na ajiye takardar a teburin shugabana yadda ya ba ni. Na ce, “Yallaɓai, kowane aiki zan yi, ban da wannan.” Ya dube ni ta saman tabarau, ya tambaye ni ko na manta wanda ya sa baki aka ɗauke ni aiki.

Kafin ƙarshen wata takardar canjin wurin aiki ta fito, an tura ni karɓar kuɗin rumfa a wata kasuwar ƙauye da mota ba ta shiga da damina. Daren da zan tafi, matar marigayin ta yi sallama a gidanmu, riƙe da wata takarda da aka kai mata ta dangwala yatsa. Daga nan za mu ɗora mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.