Bindigar farauta a jirgin sama: yadda muke yi wa maharbi tikiti

Kamfaninmu ƙarami ne, tebur uku da kwamfutoci a wani shago kusa da babbar kasuwar Maradi. Abincinmu tikitin jirgi: masu Umra, ƴan kasuwar Dubai da Istambul da Sin, ɗalibai, da masu zuwa neman magani Masar ko Indiya. Amma jefi-jefi wani aiki kan shigo wanda ba na barin yaran shago su taɓa shi. Shi ne na mutumin da zai fita farauta wata ƙasa, kuma yana son bindigarsa ta bi shi.

Irin wannan baƙo yawanci babban mutum ne, wanda ya saba ya aiko yaro da fasfo da kuɗi, tikiti ya same shi a gida. Ni kuwa sai na je da ƙafata. Nakan ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, tikitinka aikin awa guda ne, na bindigar kuwa sai mun yi makonni." Wasu ransu kan ɓaci. Ba na sassautawa, domin duk abin da za a tambaye shi a filin jirgin Diori Hamani na Yamai, gara a tambaye shi tun yana zaune a zaurensa.

Farko takardun gida. Izinin riƙe bindiga daban, izinin farauta daban. Na biyun yana hannun ma'aikatan gandun daji, a ƙarƙashin dokar farauta ta 1998. Lambar da ke jikin ƙarfen bindiga nakan karanta ta harafi-harafi, in gwada da wadda ke takarda. Sifili ya koma harafin O, ko 8 ta zama B, ya isa a riƙe makamin mutum. Kuma ba a filin jirgi ake fara duba su ba. Daga Maradi zuwa Yamai tafiya ce ta fiye da kilomita 600, ta Gidan Rumji, Ƙwanni, Dogon Dutsi da Doso, kuma da halin da iyakarmu ta kudu ke ciki na ƴan bindiga, jandarman da ya ga doguwar akwati a bayan mota dole ya ce a buɗe. Ina ganin daidai ya yi.

Sai ka'idar jirgi, wadda ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta shimfiɗa. Bindiga ba ta shiga inda fasinja ke zama. Ana cire mata harsashi ƙaf, a sa ta cikin akwati mai tauri, a danna kwaɗo, sannan mai ita ya faɗa da bakinsa a wurin awon kaya cewa makami ne. Jakar fata ko ta tamfol da maharbanmu ke ratayawa ba ta yi. Harsashi kuwa iyakarsa kilo 5 ga mutum ɗaya, har da nauyin abin da aka zuba shi ciki, kuma sai da amincewar kamfanin jirgin tun kafin ranar tashi. A nan ne ake yawan gardama da ni. Alhaji zai ce, "Ai mu uku ne, a haɗa namu a akwati guda, kilo 15 ke nan." Ba a haɗawa. Kowa da nasa ƙunshi, kuma don amfanin kansa. Mai bindigar da ake kira lamba 12 (awon faɗin bakinta ke nan), kwali huɗu masu ɗauke da harsashi 25 kowanne sun kusa cika awon. A bar su cikin kwalinsu na asali ko akwatin da aka yi dominsu, inda kowanne ke zaune ba ya gogar ɗan'uwansa. Zuba su a leda ko safa, ba wanda zai karɓa. Wasu kamfanonin ma sai an raba akwatin harsashi da na bindiga, shi ya sa nake neman amsarsu a rubuce, in buga wa Alhaji kwafi.

Maharban gargajiya su ne suka fi ba ni tausayi. Wani dattijo daga wajen Madarumfa ya taɓa zuwa, an gayyace shi wani taro a waje, yana son tafiya da bindigarsa ta toka da ƙahon albarushi, don a ga yadda ake yi a ƙasar Katsinar Maradi. Na ce, "Baba, albarushi ko cokali ɗaya ba ya hawa jirgin fasinja, ko a hannu ko a kaya." Abu ne mai kamawa da ƙyastu ɗaya, ba izinin da ke buɗe masa hanya. Bindigar kanta ƙirar maƙeri ce, ba ta da lambar da za a rubuta. Ya tafi da rigar farautarsa da layunta, ya bar sauran a gida.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne ƙasar da za a yada zango ita ma tana da ta cewa. Daga Yamai da wuya a kai kudancin Afirka ba a sauya jirgi ba. Don haka nake ƙin yi wa mai bindiga tikiti biyu a rabe, ko da ya fi araha. In tikiti a rabe yake, sai ya karɓi kayansa a zango ya sake aunawa, wato ya shigar da makami ƙasar da ba ta ba shi izini ba. Tikiti ɗaya, kaya su wuce kai tsaye, da isasshen lokaci tsakanin jirage biyun.

Afirka ta Kudu, inda masu hali suka fi nufa, tana da takarda mai suna SAPS 520 ta shigar da makami na ɗan lokaci. Ana cika ta da baƙin biro, ba a sa hannu sai a gaban ɗan sanda a filin jirgin Johannesburg. Suna son wasiƙar gayyata daga mai gandun da za a yi farautar, da shaidar mallaka, da tikitin dawowa. Ba sa yarda da bindiga biyu masu cin harsashi iri ɗaya, ba sa yarda a wuce harsashi 200 ga kowane iri, kuma ɗan ƙasa da shekara 21 ba ya shiga da makami.

Idan na gama jera wa mutum wannan, nakan faɗa masa ra'ayina ko da zai rage mini riba: masu gandun can suna ba da hayar bindiga, da harsashinta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Da yawa sukan yarda. Wanda ya ce hannunsa bai san wata ba sai tasa, na fahimce shi, sai mu shiga aiki.

Daren tafiya nakan roƙi uwargidan matafiyin ko babban ɗansa a zazzage kowane aljihu na riga da jakar hannu, domin harsashi ɗaya da ya maƙale tun farautar bara, na'urar bincike za ta gan shi, kuma ba za a ɗauke shi mantuwa ba. Takardun kuma kwafi uku nake yi: ɗaya cikin akwatin bindiga, ɗaya a jikinsa, ɗaya a aljihun teburina, don ranar dawowa ƴan duwan na Yamai za su nemi shaidar cewa bindigar da ta shigo ita ce wadda ta fita.