Talata: Lissafin Awowi Tsakanin Kano da Jidda

Yau hazo ya tashi da ƙarfi tun da asuba, har an jinkirta tashin jiragen safe. A zaman jiran nan sau uku ana yi mini tambaya guda: "Malam, wai awa nawa ne zuwa Jidda? Tikitina ya nuna shida da rabi." Abin yana damuna, domin da wannan lissafi ne tsoho ke tsara shan maganinsa da sallarsa.

Daga filin jirgi na Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, in an ja layi miƙaƙƙe, kimanin kilomita 3,400 ne. Babban jirgi in ya daidaita a sama yana cin wajen kilomita 850 a awa, ka ga awa 4 ke nan. Amma ba ya kai wannan gudu yayin hawa da sauka, ga gangarawa zuwa titin tashi, ga shawagin jiran layi a Jidda lokacin cunkoso. Sai a ce awa 4 da rabi.

Sauran awa biyun na agogo ne. Saudiyya tana gabanmu da awa 2, tikiti kuwa da agogon garin da aka sauka yake rubutu. Ka tashi Kano 10 na dare, ka sauka 2:30 a agogonmu, a can 4:30 na asuba. A dawowa abin ya juye, tafiyar ta zama kamar ta awa 2 da rabi.

Miƙaƙƙen layin nan ta Chadi da Sudan ya ratsa kafin Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazai na shekarar suka yi zagaye. Zagaye ba lokaci kaɗai yake ci ba. Kowane ƙarin awa ƙarin mai ne, mai kuma nauyi ne. Bayan man tafiyar, doka ta wajabta ɗaukar kamar kashi 5 cikin ɗari na ko-ta-kwana, da wanda zai kai jirgi wani filin in Jidda ta ƙi saukuwa, da na shawagin minti 30. In nauyi ya cika, kaya ake ragewa, shi ya sa wani lokaci jaka ke biyo mai ita a jirgi na gaba.

Zafi ma yana da hannu. Da tsakar ranar bazara iska ba ta da kauri, fukafukai ba sa samun abin riƙo sosai, jirgi mai nauyi yana buƙatar titi mai tsawo. Tashin dare ya fi mini kwanciyar hankali saboda haka.

Iskar can sama kuwa da damina daga gabas take busowa, tana tare mai tafiya, tana tura mai dawowa.

Da yamma hazon ya lafa. Na tuna wa wata Hajiya mai umara cewa wanda zai wuce Makka kai tsaye a sama yake ƙetare miƙati, gara namiji ya sa haraminsa tun kafin sanarwa, don layin banɗaki yakan yi tsawo.